Zuwa ga aminiyata, a kan rigar Baban yara

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara, kuma ruwan Fatakwal yana barin ku ku shanya kaya. Na san na yi laifi, domin wata uku ke nan rabon da ki ji daga gare ni, amma maganar da ta sa na zauna rubutu yau ta shafe ki, tunda ke ce kika yi mini kukan cewa tsatsa ta cinye miki wuƙaƙe da almakashi.

Kin tuna farar shaddar nan ta Baban yara mai aska takwas, wadda ba ya sa ta sai ranar Salla ko ɗaurin aure? Na ninke ta na ajiye a tsohon akwatin ƙarfen Inna, sai ga shi a watan Agusta rufin ɗakin ya yi yoyo ban sani ba. Ranar da na buɗe akwatin, saura kwana biyu ɗaurin auren ƙanwarsa, na tarar da jan tabo har uku a gaban rigar, da wani dogon layi a kafaɗa inda ta jingina da murfin. Ƙirjina ya buga, na ruga na ɗauko ruwan bilic na zuba, a zatona duk abin da ya ɓata farin kaya maganinsa ke nan. Maimakon tabon ya fita, sai ya ƙara duhu ya kama zaren sosai. Daga baya ne babbar 'yata, wadda yanzu take ji da kimiyyarta, ta bayyana mini cewa tsatsa ƙarfe ce da ta haɗu da iska da danshi, kuma bilic ƙara zaunar da ita yake yi, abin da ke narkar da ita shi ne tsami.

Goggo ce ta cece ni, bayan ta gama yi mini faɗa. Ta sa na ɗauraye rigar sau da yawa har warin bilic ya tafi, kuma ta yi daidai, domin haɗuwar bilic da abu mai tsami yana fitar da iska mai guba da ke shaƙe mutum. Sannan muka shimfiɗa farin tawul a tsakar gida, muka ɗora wurin tabon a kai, ta matse lemon tsami har ya jiƙe sharkaf, ta barbaɗa gishiri mai yawa, muka bar shi a rana. Duk sanda ya fara bushewa sai ta ƙara matsa lemon, ni kuwa ina tsugune a gefe ina kallon jan yana komawa ruwan ɗorawa, yana sauka a kan tawul ɗin. Bayan kamar awa ɗaya muka ɗauraye da ruwan sanyi muka sake. Layin kafaɗa ya fita tun a karon farko, amma wurin da na zuba bilic sai da muka yi sau uku, lemo bakwai suka tafi. Ta kuma hana ni kai rigar wurin guga sai da muka tabbatar babu sauran alama, saboda zafin dutsen guga yana sa tabo ya zauna.

Game da wuƙaƙenki, ki jiƙa su cikin ruwan khal ko ruwan tsamiya mai kauri su kwana, da safe ki goge da toka ko soson ƙarfe, ki tsane su sarai, sannan ki shafa musu ɗan man gyaɗa. Shafa man nan shi ne abin da na san za ki tsallake, da yake ke da gaggawa Hassana da Usaina ne, alhali a gari mai danshi irin naku wuƙar da ba a shafa wa mai ba cikin 'yan kwanaki za ta sake yin ja. Kada ki ɓata kanwarki, na gwada ta a kan almakashina ba ta yi komai ba. Idan atamfa ce ko wani yadi mai launi, ki fara gwada lemon a cikin kalmasa inda ido ba ya kaiwa, domin yana iya kashe launi, musamman a rana. Haka nan kada ki zuba shi a daɓen marmara, tsami yana cin sa ya bar wurin ya dushe.

Baban yara ya sa rigarsa ya tafi ɗaurin aure, har mutane suna yaba haskenta, kuma har yau bai san abin da ya faru ba, don haka idan kun yi waya da shi ki kama bakinki. Akwatin Inna kuwa na kwashe tufafin da ke ciki, yanzu tukwane nake ajiyewa. Goggo tana gaishe ki, ta ce har yanzu tana jiran busasshen kifin da kika yi mata alkawari.

Ki gaida mutan gidan duka.

Taki har kullum,
Maman yara