Takardar Koke Zuwa ga Mai Martaba Lamidon Garwa Kan Masu Cire Haƙori a Bakin Kasuwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Mai Martaba, ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Mu talakawanka mazauna unguwar Hausare ne muka durƙusa gabanka, ta hannun Sarkin Hausawa, da wannan kuka.

Ranka ya daɗe, makon jiya muka binne wani matashi mai 'ya'ya biyu, kuma haƙori ne sanadi. Matauninsa na ƙasa ya ruɓe har dasashi ya tara mugunya, sai ya je wurin mai cire haƙori a bakin kasuwa, aka fizge masa shi da awartakin da ba a ko dafa ba, saiwar ta karye a ciki, aka sayar masa da kafso aka ce ya tafi. Bayan kwana uku kumburi ya gangaro ƙarƙashin haɓa, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiyar miyau ta gagara, zazzaɓi ya rufe shi har yana sambatu. An yi masa sakiya a gida, kuma da aka kai shi asibiti lokaci ya ƙure.

Likitan da ya duba shi ya bayyana mana cewa ƙwayoyin bakteriya na cikin ƙurjin ne suka shiga jini. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma idan ya faru suna iya daskarar da jini a jijiyar wuya, ko su maƙale a zuciya, ko su kai ƙwaƙwalwa, kuma masu ciwon sukari sun fi shiga haɗari. Ya ce kafso kaɗai ba ya warkar da ƙurjin haƙori, sai an fitar da mugunyar an kuma gyara haƙorin ko an cire shi da kayan aiki masu tsabta. Mun yarda da ƙaddara, ranka ya daɗe, amma wannan sakaci ne, kuma mai awartakin yana nan a inda yake, yana kiran jama'a.

Mun sha kai kuka wurin mai unguwa, mun rubuta takardu zuwa ofisoshin da abin ya shafa, an ce mu jira, mun jira har mun daina ƙirga.

Muna roƙon Mai Martaba ya sa baki a tashi masu wannan sana'a daga kasuwa, a kuma kira Sarkin Aska a ja kunnen wanzamai su daina yi wa kumburin muƙamuƙi sakiya. Muna roƙon limamai su faɗa a huɗubar Juma'a cewa ciwon haƙorin da ya zo da zazzaɓi ko kumburin da ya nufi wuya ko ido, na asibiti ne a ranar. Muna neman a samar mana likitan haƙori a asibitin kusa da mu da kuɗin da talaka zai iya biya, domin rashin 'yan sefa ne ke tura mutane hannun waɗannan. Ko ranar 20 ga Maris, ranar lafiyar baki ta duniya, a duba mu kyauta a ƙofar fada. Kuma muna sake roƙo, a tashe su kafin mu ɗauki wata gawar.

Allah ya taimaki Mai Martaba.

Talakawanka, mazauna unguwar Hausare, Garwa.