Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyar zuri'ar gidanmu

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu na gida da na birni. Ga abin da kwamiti ya yi bana a taƙaice, wanda bai samu zuwa mitin ɗin bayan sallah ba sai ya karanta a nan.

Kuɗin wata-wata sun shigo daidai gwargwado, an gyara katangar maƙabarta, an taimaka wa marayu da hatsi a azumi, ma'aji zai turo lissafi a guruf. Babban aikin dai shi ne bin sawun kakanmu Malam Babba, Allah ya jiƙansa.

Tun muna yara abin da muke ji shi ne ya tafi Makka a ƙafa ya rasu a can. Da muka zauna da tsofaffi muna ɗaukar muryarsu a waya, sai iyarmu da ta fi kowa shekaru ta ce uwarta ta gaya mata ya bar gari ne bayan yaƙin Haɗejia, wato 1906 lokacin da Turawa suka ci garin Sarki Muhammadu ya yi shahada, ya bar matarsa da goyo ya ce in Allah ya yarda zai dawo. Wannan ya yi daidai da zamanin, don tun bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, mutane ke ta kwarara gabas, ta Borno, su bi Wadai su shiga Darfur, wasu su yi shekaru a hanya suna noma suna karantarwa kafin su tara guziri.

Mun aika yara biyu gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, kuma ku sani duk takardun ƙasarmu suna ƙarƙashin Lardin Kano ne tunda Jigawa sai 1991 aka yi ta. Sun ga rahotannin haraji na gunduma da sunan ƙauyenmu, amma sunan talaka ba kasafai yake shiga takardar Bature ba, sai na hakimi da dagaci.

Abin da ya buɗe mana hanya yana cikin gida ashe. A cikin gafakar Alƙur'anin baffanmu marigayi aka samu wata wasiƙa da ajami duk ta ci jiki, wani alhaji ne ya kawo ta da daɗewa, tana cewa Malam ya zauna a Mai Wurno kusa da Sinnar ta ƙasar Sudan a bakin kogin Nilu, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa, ya yi aure ya haihu, ciwon ajali ya same shi a nan tun bai tsallaka teku ba. Wallahi da liman ya karanta mana sai da wasu suka yi hawaye. Wasu ba su ji daɗi ba wai an rage masa daraja, ni kam ban ga haka ba, mutumin da ya fita da niyyar hajji ya mutu a hanya ladansa na wurin Allah.

Mun fara magana ta WhatsApp da wani da muke kyautata zaton jikansa ne, amma yaƙin Sudan da ya ɓarke a 2023 ya tarwatsa mutane, layinsa ya daina shiga, a sa su a addu'a.

Baɗi in Allah ya kai mu za mu rubuta salsalar kowane ɗaki har ɓangaren mata, don Allah duk mai tsohuwar takarda ko kundi a adaka kar ya bari gara ta cinye, ya kawo wa sakatare a ɗauki hotonta a mayar masa da abinsa.