Jirginmu ya koma ruwa

Stockholm, watan Mayu

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Baba. Yaya zafin Yauri? Na san yanzu idonku na gabas, kuna jiran hadarin farko. Mu nan sai yanzu muka samu damar ajiye manyan rigunan sanyi.

Ka tambaya a saƙonka ko lafiya aka ji ni shiru tun watan jiya. Lafiya ƙalau, jirgin ruwa ne ya riƙe ni. Ka tuna dattijon nan maƙwabcina da na ba ka labari? Gwiwoyinsa sun fara ba shi matsala, sai ya ce in zan kama masa aikin jirginsa, to mu riƙa fita tare duk bazara. Na amsa tun bai rufe baki ba. Wanda ya tashi a bakin Kwara ai ba ya ƙin ruwa.

Jirgin ba babba ba ne, tsawonsa bai cika mita 8 ba. Irin wanda suke kira Folkboat ne, wanda aka fara ƙerawa a nan Suwidin a 1942. Na katako ne, kowane falanki ya hau kan leɓen na ƙasansa, an ɗinke su da ƙusoshin jan ƙarfe. Wannan salon ƙira tsoho ne ƙwarai a ƙasashen nan, har hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2021. Iska ce ke tura shi, da ƙyalle biyu da ake ɗaurawa a doguwar sanda ta tsakiya. Akwai ɗan inji a baya, amma na fita da shiga tasha ne kawai.

A nan jirgi ba ya kwana a ruwa da hunturu, domin bakin teku daskarewa yake, ƙanƙara kuwa matse katako take yi. Tun Oktoba ake fito da su tudu, a ɗora kan gadon ƙarfe, a lulluɓe da tamfol. Sai Afrilu, in rana ta fara ɗumi, ka ga filin ya cika da mutane, maza da mata, likita da direban bas, kowa cikin tsummansa yana kwance ƙarƙashin jirgi.

Abin da dattijon ya fara koya mini shi ne dubawa. Kafin mu taɓa gwangwanin fenti sai da muka bi jirgin falanki bayan falanki. Yana riƙe da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasawa, ni kuma ya ce in kasa kunne. Katako mai lafiya amonsa tsaf yake fita, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji ɗif. A can baya, kusa da inda ruwan sama ke taruwa, muka ji irin wannan. Ya soka tsinken ƙarfe, ya shige kamar yatsa guda. Bai ce komai ba, ya zana wurin da alli. Mun sassaƙe har muka tarar da lafiyayye, muka yanko sabo muka cike. Ya ce mini ruwan sama ya fi ruwan gishiri cutar da katako, shi ya sa ya fi damuwa da cikin jirgi a kan wajensa. Daga nan muka leƙa manyan ƙusoshin da ke riƙe da baƙin ƙarfen da ke ƙasan jirgin. Ƙarfen nan ya kai tan guda, kusan rabin nauyin jirgin kenan, kuma shi ne ke hana iska kifar da shi in ta cika ƙyalle. In ka zo zan kai ka ka ga Vasa, jirgin yaƙin sarkinsu da ya nutse a nan tashar Stockholm ranar da aka fara fita da shi a 1628. Nauyi ya yi masa yawa a sama, ya yi kaɗan a ƙasa, iska ta karkata shi, ruwa ya shiga ta tagogin bindigogi. Sai 1961 aka ciro shi, katakonsa kusan duk yana nan, saboda ruwan Baltik, wato tekun da ke nan, gishirinsa kaɗan ne, tsutsar da ke cin jiragen katako a manyan tekuna ba ta jin daɗin zama cikinsa.

Sauran aikin na haƙuri ne. Kankara, goga samfefa, shafa man da katako ke sha, sannan man sheƙi shafi bayan shafi, kowanne sai ya bushe. In dare ya yi sanyi da yawa kuma ba ya bushewa, sai jira. Ƙasan jirgi fentinsa daban ne, mai hana gansakuka da wasu ƙananan halittu masu ɓawo mannewa, don in suka manne jirgi nauyi yake yi a ruwa. Fentin nan da guba a cikinsa, saboda haka doka ta tsananta a kai. Wanda aka yarda da shi a gabar yammacin ƙasar ba lallai a yarda da shi a nan ba, kuma duk abin da ka kankare sai ka tare shi a tamfol ka kai inda ake zubarwa. Ba wanda ke tsaye a kanka, amma kowa na yi.

Ranar sakawa a ruwa ita ce na so a ce kana nan. Gayya ce sosai. Ƙungiyar masu jiragen ce ke ɗauko hayar motar ƙugiya, a liƙa jerin sunaye da lokacin kowa, kuma ba wanda zai ce nawa ya shiga, na tafi. Wasu na riƙe igiya, wasu na zura ɗamara ƙarƙashin jirgi, wasu na kwashe gadajen ƙarfe. Mutum ɗaya ne kaɗai ke ba mai ƙugiya alama da hannu, duk sauran shiru. Can gefe ana ta zuba kofi da burodi mai kirfa. Mutanen nan da za ku shekara kuna haɗuwa a matakala ba su wuce ɗaga kai ba, ranar sai ga su suna kirana da suna, suna miƙo mini igiya.

Da aka zo kan namu, aka ɗaga shi sama yana lilo a hankali, gabana sai faɗuwa yake. Ya sauka, ya taɓa ruwa, dattijon ya ce in shiga in ɗaga katakon daɓe. Wallahi ruwa na gani yana tsattsafowa ta tsakanin falankai, nan da can, har yana gudu. Na ɗago ido a firgice. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce katakon ya sha iskar hunturu ya bushe ya tsuke, yanzu zai sha ruwa ya kumbura, gaɓoɓin su rufe da kansu. Abin da ake bukata kawai shi ne kada a bar shi shi kaɗai. A jirgin muka kwana, muna karɓa-karɓa da famfon hannu. Da farko ba ka gama hutawa sai ka koma, zuwa asuba tazarar ta yi tsawo, bayan 'yan kwanaki sai ɗan abin da soso zai tsane. Na yi sallar asuba a kan gadar katako, sanyi na ratsa ƙafa, amma raina fes.

Bayan nan muka tsai da sanda, muka ɗaure wayoyin da ke riƙe ta, kowanne da ɗan fil ɗinsa da ke hana shi warwarewa. Dattijon da kansa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe da salatif, don fil guda in ya fita sanda na iya faɗowa kan mutane.

Akwai maganar da nake so ka isar mini. Ruwan nan a Mayu bai kai digiri 10 ba, wanda ya faɗa ciki, ko gwanin iyo ne, numfashinsa ke fara ƙwacewa. Dattijon ya fi shekara hamsin yana tuƙi, amma ba ya kwance igiya sai da rigar kariya mai hana nutsewa a jikinsa, jikokinsa ma ko gada ba sa takawa babu ita. Duk lokacin da na ɗaura tawa sai mutanenmu na jirgin Warra su faɗo mini, waɗanda ruwa ya ci a Mayun 2021. Allah ya jiƙansu. Don Allah ka tambayi ƙaninka nawa ake sayar da rigunan kariya masu kyau yanzu, da kuma mutum nawa yake ɗauka a jirginsa ranar kasuwa. Zan aiko da abin da ya sawwaƙa ƙarshen wata, a fara da na yara. In ya ce fasinja ba za su sa ba, ka ce shi ya fara sawa.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu fita zuwa tsibirai. Sun kai dubu 30 a gaban birnin nan, kuma a Yuni rana kan wuce awa 18 ba ta faɗi ba. Zan turo maka hotuna. Kai ma ka ɗauko mini na sabon kwale-kwalen da ka ce ana sassaƙawa, musamman cikinsa, dattijon ya matsa yana so ya ga yadda namu ke haɗa katako.

Ka gaishe da su Baba da Inna, ka ce ina neman addu'a. A shafa mini kan yara.

Naka har kullum,
Amininka