Rahoton Ayyukan Shekara Ga 'Yan Uwa Masu Kishin Jirgin Ƙasa a Legas

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu dattawa, musamman tsofaffin ma'aikatan reluwe da ke cikinmu, shugaba da 'yan kwamiti, 'yan uwa maza da mata na Agege, Idi-Araba, Mile 12, Ebute Metta da Alaba Rago, barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekara lafiya. Kwamiti ya ɗora mini nauyin rubuta abin da muka yi da abin da ya gagare mu. Lissafin kuɗi ba ya cikin wannan takarda, ma'aji zai karanta nasa a zauren taro da rasit a hannu.

Aikin da ya fi cin lokacinmu bana shi ne naɗar muryoyin dattawa, kuma a ganina shi ne mafi daraja. Zaman da yawanmu a garin nan, layin dogo ne silarsa. An fara shimfiɗa shi daga Iddo a 1896, ya isa Ibadan a 1901. Wani layin da aka taso da shi daga Baro, a bakin kogin Neja, ya shiga Kano a 1911, aka haɗe su biyun a 1912. Daga nan tafiyar da fatake ke kwashe makonni suna yi da jakuna ta koma ta 'yan kwanaki. Huhunan goro suka riƙa hawa daga Agege, shanu suna gangarowa, gyaɗar dalar Kano tana sauka Apapa. Mutanen da suka tuƙa waɗannan jirage, suka zuba musu kwal, suka kwana a ƙananan tashoshi cikin daji, kaɗan ne suka rage.

Mun zauna da waɗanda muka samu a gidajensu, da wayar hannu kawai. Wani baba da ya yi aikin zuba kwal ya bayyana mana yadda ake tara wuta tun kafin a iso hawa, don in aka bari sai an fara hawan, tururi ya riga ya yi ƙasa. Wani da ya yi aiki tsakanin Jebba, Zungeru da Minna ya kwatanta mana sandar ƙarfen da shugaban tasha ke miƙa wa direba. Layin ɗaya ne tilo, mai zuwa da mai komawa duk a kansa suke bi, saboda haka duk direban da ba ya riƙe da sandar ba shi da izinin shiga. Sun kuma tuna mana kawunan jirgi masu kwal da aka kawo daga Birtaniya bayan yaƙin duniya na biyu, kowanne da sunan kogi a jikinsa. Cikin waɗanda muka sa a jerin ziyara akwai waɗanda Allah Ya yi wa rasuwa kafin mu kai gare su. Allah Ya jiƙansu da rahama. Abin da suka sani ya tafi da su, babu littafin da za a buɗe a same shi.

Mun kuma kai ɗaliban wasu makarantun Islamiyya gidan Jaekel da ke harabar reluwe a Ebute Metta. An gina gidan a 1898, wata ƙungiyar 'yan sa-kai mai suna Legacy ta gyara shi ya zama ƙaramin gidan tarihi a 2010. Muna yaba musu ƙwarai. Yaran sun ga hotuna da kayan aiki na da, suka yi ta tambaya har malamansu suka gaji. Babu ko ɗaya cikinsu da ya taɓa jin cewa an yi ɗan jirgin tururi da ke zirga-zirga cikin tsibirin Legas daga 1902 zuwa 1933, ko ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da Jos saboda kuza, wanda aka rufe a 1957. Kenya ta buɗe gidan tarihin jirgin ƙasa a Nairobi tun 1971, Ingila tana da nata babba a birnin York. Mu kuwa da muke da tsohon layi sama da kilomita 3,500, ɗan abin da ake nuna wa yara a Legas 'yan sa-kai ne suka tsaya masa.

Yanzu ga maganar da ta fi damun kwamiti, kuma ta cikin gida ce. Ƙarfen reluwe yana ƙarewa a kan sikeli. Ana kwance kusoshi da maƙalan da ke riƙe dogo da kwancinsa, ana yanka tsofaffin taragai, ana narka farantan tagulla masu ɗauke da lambar kan jirgi da shekarar ƙera shi. Kowa a nan ya san cewa 'yan uwanmu suna da yawa a sana'ar jari bola da gwangwan. Sana'a ce ta halal, tana ciyar da gidaje a nan da can gida, kuma ba mu yarda a yi musu kuɗin goro a kira su ɓarayi ba. Amma ɓarawo ba ya kwance ƙarfe sai ya san inda zai kai shi.

Shi ya sa muka bi wuraren ajiyar gwangwan, muka zauna da shugabanninsu bayan sallar Juma'a. Mun tafi da hotuna don su gane kayan layi in an kawo musu. Mun bayyana musu cewa maƙalai kaɗan in suka ɓace a kwana, dogo yana buɗewa ƙarƙashin nauyi, jirgi ya sauka da mutane a ciki. Wasu sun karɓa hannu biyu. Wani Alhaji ma ya shiga cikin tarin kayansa ya fito mana da tsohuwar fitilar hannu mai gilashi ja da kore, ya ce kyauta, Allah Ya saka masa da alheri. Wasu kuwa sun ce su abin da aka kawo suke aunawa, ba su tambayar asali. Za mu koma musu.

Ba sata kaɗai ke cinye kayan ba. Akwai wanda ake gwanjonsa da takarda da hatimi. Mun rubuta wa ofishin da abin ya shafa muna roƙon abu guda: kafin a sayar da tsofaffin kawuna da taragai, a ware ɗaya daga kowane iri a sa shi ƙarƙashin rufi. Mun bi sawun takardar har ƙafa ta gaji, ba amsa. Iskar Legas mai gishiri ce, daminarta doguwa, ƙarfen da aka bari a fili ba ya jiran sa hannun kowa.

Batun hoto ma ya dawo bana. An tare wani matashinmu a wata tasha, aka sa ya goge duk abin da ya ɗauka. Tun harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, ba wanda zai ga laifin jami'in da ya sa ido. Abin da muke nema a rubuta doka a manna, a san inda aka yarda da inda aka hana, da wanda ake neman izini a wurinsa. Kafin nan, kwamiti yana roƙon kowa ya yi sallama ya nemi izini tukun.

Sababbin jirage muna murna da su. Na Legas zuwa Ibadan ya fara aiki a 2021, na cikin garin Legas kuwa, Blue Line daga Marina zuwa Mile 2 a Satumbar 2023, Red Line kuma a Oktoban 2024, yana bi ta Agege ƙofar gidanmu. Sai dai sabon layin mai faɗin milimita 1,435 ya tsaya a Moniya ta Ibadan, na Abuja zuwa Kaduna yana can tun 2016, tsakaninsu ba a haɗa ba. Tsohon mai faɗin milimita 1,067, wanda shi ne ke kaiwa Kano, tafiyar kilomita 1,126, an farfaɗo da shi a Disambar 2012, amma yau ba mai tsara tafiyar Sallah da dogaro da shi. Tumatir da albasan Mile 12 a bayan tirela suke zuwa, shanun mayankar Oko-Oba ma haka, mu kuma mu kwana a hanya cikin bas. Ginin tasha mai kyalli bai rage wa ɗan Arewa wannan wahala ba tukuna.

Kan kiyaye rai, mun zaga wurin 'yan dako, masu tura baro da masu talla a gefen layi a Agege da Oshodi, muna magana da su da Hausa, don gargaɗin da ake yi ba ya isa kunnen wanda ya sauka garin jiya. Mun tuna musu haɗarin Maris 2023 a Ikeja, inda jirgi ya kwashi motar ma'aikata aka rasa rayuka shida. Jirgi mai kaya ba ya tsayawa inda direba ya taka birki, sai ya ja ɗaruruwan mitoci.

A shekara mai kamawa, in Allah Ya kai mu, za mu rubuta hirarrakin da muka naɗa da boko da ajami, don dattawan da ba sa karanta boko su duba su gyara mana. Muna neman akwatin ƙarfe da busasshen ɗaki na ajiye tsofaffin tikitoci, katin aiki da hotunan da iyalai suka ba mu amana, saboda danshi da gara. Masu bashin kuɗin wata su ga ma'aji. Wanda kuma yake da uba, kawu ko maƙwabci da ya yi aikin reluwe, a nan ko a gida, ya sanar da kwamiti kafin zama na gaba, ranar Lahadi ta farkon wata bayan la'asar, a inda muka saba.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamiti