Aƙidar "jininmu ya fi naku" ce ta fi kowace aƙida ɓarna

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a. Na saurari shirinku na makon jiya inda baƙinku suka yi ta muhawara kan wace aƙida ko falsafa ce ta fi yi wa duniya ɓarna, ɗaya ya ce gurguzu, ɗaya ya ce aƙidar babu Allah, na ukun ya ce jari-hujja, to wallahi har aka rufe shirin ina ta jira wani ya ambaci wadda ni a ganina ta fi su duka illa amma ba wanda ya ko kusance ta, shi ya sa na ce bari dai in rubuto. Ita ce aƙidar nan da ke cewa tun daga halitta wasu mutane sun fi wasu, wai a jini abin yake, wasu an halicce su su yi mulki wasu kuma su yi bauta.

Ba wai ina wanke gurguzu ba ne fa. Yunwar da tsarin Mao ya jawo a Sin daga 1959 zuwa 1961 ta kashe miliyoyin mutane, ga abin da Pol Pot ya yi a Kambodiya, duk gaskiya ne. Amma Tarayyar Sobiyat wajen shekara saba'in ta yi ta rushe, ita kuwa wannan tun zamanin Girkawa take tafe, in ta tsufa a wannan rigar sai ta sake wata. Aristotle ne ya rubuta cewa akwai mutanen da a ɗabi'arsu bayi ne kuma bautar ce ma ta fi musu alheri, kada wani ya ce ai magana ce kawai ta cikin littafi, domin a 1550 a garin Valladolid na Sifaniya an yi zama na musamman kan ko ya halatta a yaƙi mutanen da aka tarar a nahiyar Amurka a mallake su, wani masani Sepulveda ya tashi da hujjar Aristotle ɗin nan, wani limamin coci Las Casas yana ce masa mutane ne kamar kowa. Wajen shekara 1,900 bayan mutuwar mai maganar ana kafa hujja da ita a kan wuyan bayin Allah.

Inda abin ya fi muni shi ne ƙarni na 19 da aka sa mata rigar kimiyya. Gobineau Bafaranshe ya fito a 1853 yana jera jinsunan mutane hawa hawa, fari a sama baƙi a can ƙasa, wasu suka ɗauki nazarin Darwin kan halittu suka maida shi kan al'umma wai mai ƙarfi ne ya cancanci ya rayu, Francis Galton a 1883 ya kawo batun "gyaran iri" na ɗan Adam. Daga nan fa zalunci ya samu takardar shaida daga jami'a. A 1885 Jules Ferry ya tsaya a majalisar Faransa ya ce manyan jinsuna suna da haƙƙi a kan ƙananan jinsuna, shekara 14 bayan nan, a 1899, hafsoshi biyu Voulet da Chanoine suka ratso ƙasar Hausa da rundunarsu suna ƙona garuruwa suna rataye mutane a bishiya, suka yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba, suka faɗa wa Lugu garin Sarauniya Mangu. Abin ya yi yawa har gwamnatinsu ta turo Kanar Klobb ya tsayar da su, suka harbe shi shi ma. Ni dai ban yarda mutum zai iya yin haka ga mata da yara ba sai an riga an cusa masa tun yana makaranta cewa waɗannan ba cikakkun mutane ba ne. Haka Kongo ta Sarki Leopold na Beljiyam inda ake yanke hannu saboda roba, haka ƙabilun Herero da Nama a Namibiya daga 1904 zuwa 1908 da sojan Jamus suka kora cikin hamada ƙishirwa ta ƙarasa su.

Kuma ba a kan baƙar fata kaɗai ta tsaya ba, ta koma gida ta ci masu ita. A Amurka kotun ƙoli a 1927 ta amince a yi wa mutanen da aka ce ba su da ƙwaƙwalwa aikin hana haihuwa dole, sama da mutum 60,000 aka yi wa. Hitila ya hau mulki a 1933 ya yi irin dokar, 1935 ya hana auratayya da Yahudawa, ƙarshenta aka hallaka Yahudawa miliyan 6. Afirka ta Kudu kuwa wariyar launin fata ta zama doka daga 1948 har 1994.

Amma Malam Edita wanda ya fi tsaya min a rai shi ne Ruwanda, domin a can ne za ka ga yadda tunanin wani matafiyi ya zama adda a hannun maƙwabci. Wani Bature mai yawon neman mafarin kogin Nilu, John Speke, a 1863 ya yaɗa cewa duk inda ka ga sarauta da tsari a tsakiyar Afirka to wasu baƙi ne dogaye masu siririn hanci daga wajen Habasha suka kawo, wai baƙar fata zalla ba zai iya ba. Da 'yan Beljiyam suka karɓi ƙasar sai suka bi wannan, har da awon hanci da tsawo, suka ce Tutsi ne jinsin mulki Hutu na noma, alhali harshensu ɗaya, suna auratayya, a da ma mutum kan iya sauya matsayi in ya yi shanu. A shekarun 1930 aka rubuta wa kowa ƙabilarsa a katin shaida, ɗa ya gaji ta ubansa, ƙofa ta rufe. Bayan 1959 abin ya juya, Hutu masu tsattsauran ra'ayi suka karɓi labarin yadda yake sai dai suka kifar da shi, suka ce wa Tutsi to tunda ku baƙi ne ku koma inda kuka fito, a 1992 wani ɗan siyasa Leon Mugesera ya faɗa a bainar jama'a cewa za a maida su Habasha ta kogin Nyabarongo. A 1994 gidan rediyo yana kiransu kyankyasai, a shingen hanya a ce kawo kati, a duba layi ɗaya, shi ke nan. Kimanin mutum 800,000 aka kashe cikin kwana 100, gawarwaki kuma da gaske suka bi kogin.

Wannan labarin fa bai tsallake mu ba. Lugga da ya ci Kano da Sakkwato a 1903 da irin wannan idon ya kalle mu, shi da jami'ansa sun rubuta cewa Fulani jinsi ne da ya fi iya mulki, sauran kuwa sai a mulke su, har aka ɗora wa wasu al'ummun da ba a taɓa cin su da yaƙi ba hakimai daga waje. Duk wanda yake bin rikicin da ake yi yanzu a soshiyal midiya tsakanin masu cewa su Hausa zalla ne da masu fariyar asali, ya san ana maimaita wancan karatun ne, kowane ɓangare yana auna jini, kuma abin yana ba ni tsoro ƙwarai don na ga inda ya kai wasu.

Sai dai laifi tudu ne, kada mu taka namu mu hango na Bature. Tun 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya amsa wa masu tambaya daga arewacin Sahara cewa baƙar fata ba ita ce dalilin bauta ba, ya ƙaryata tatsuniyar la'anar Hamu ɗan Annabi Nuhu da ake cewa ita ta jawo wa baƙar fata bauta, ya ambaci mutanen Kano da Katsina da Barno a cikin Musulmin da bai halatta a bautar ba, in da ba a kama su ana sayarwa ai da bai buƙaci rubutawa ba. A Nijar sai 2003 aka mai da bauta laifi a dokar hukunta laifuka, a 2008 kotun ECOWAS ta ba Hadijatou Mani gaskiya, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12. Mu a nan kuma kowa ya san yadda ake yi, yaro mai addini mai sana'a ya je neman aure, an yi gaisuwa an kai kuɗi, sai a tura bincike, wata tsohuwa ta rage murya ta ce ai kakansa bawan gidan su wane ne, ko a ce gidan mahauta ne, ko wanzamai, ko maƙera, washegari a maido da kaya a ce Allah bai yi ba. Mutanen da ke yin haka sun haddace ayar da Iblis ya ce shi ya fi Adamu don an halicce shi da wuta, sun san huɗubar ban kwana da Manzon Allah (SAW) ya ce Balarabe bai fi wanda ba Balarabe ba sai da taƙawa, amma ranar aure duk sai a ajiye a gefe.

Don haka ina roƙo a sake shirin, wannan karon a gayyato masanin tarihi da malamin addini su zauna tare, a buɗe layi mutanen Ƙonni da na kudancin Kaduna da duk wanda aka taɓa hana shi aure don asali su kira su yi magana da bakinsu, kuma don Allah a ba shi awa guda, minti 30 ba za ta isa ba.

Na gode, a gaida ma'aikata.
Mai sauraronku daga Zariya