Da Wane Mudu Muke Auna Littafi?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in faɗi albarkacin bakina a kan yadda masu karatu suke yanke wa littafi hukunci a yau.

Ni malamin Hausa ne a wata makarantar sakandare a nan Gusau, kuma duk lokacin da na tambayi ɗalibaina dalilin da ya sa suke yabon wani littafi, amsar ba ta wuce cewa ya yi daɗi, ko yana da tsawo, ko kuwa kowa yana zancensa a zaurukan WhatsApp. Ban raina daɗin labari ba, domin shi ne ya fara jawo mu duka ga karatu, amma yawan shafuka da yawan masu yabo ba su isa su zama mudun awo ba.

Abin da nake fara dubawa shi ne mutanen da ke cikin labarin. Idan marubuci ya kawo mini ɗiyar manomin gero daga wani ƙauye, ina son in ji ta tana magana da tunani irin na wadda ta tashi a wannan ƙauyen, kuma abin da ya same ta a ƙarshe ya zama ya fito daga halinta da halin waɗanda ke kewaye da ita. Littafin da sai wani attajiri ya faɗo kwatsam a babin ƙarshe sannan matsala ta warware, ya nuna cewa marubucinsa ya rasa mafita ne kawai.

Harshe kuwa shi ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Akwai littattafai da yawa da marubutansu ba su bambanta "ƙasa" da "kasa", ko "baƙi" da "baki", sannan suna haɗe "ya ce" ta koma kalma guda, alhali waɗannan ƙa'idoji an daɗe da daidaita su, kuma ana koyar da su tun daga firamare. Ɗalibin da ya kwana yana karanta irin wannan rubutu, shi zai kawo mini a takardar jarrabawa da safe. A nan ina son a fahimce ni: idan marubuci ya sa Bazamfare ya ce "biyat" maimakon "biyar" a cikin zancensa, wannan gwaninta ce da nake yabawa, domin haka muke magana. Kuskure shi ne marubucin ya kasa rarrabe karin harshen da ya sa a bakin mutanensa da gangan da kuma sakacin da ya yi da alƙalaminsa. Ba na ɗora laifin duka a kan matasa, domin mafi yawansu da kuɗin aljihunsu suke buga littafi ko su sake shi a waya, babu editan da ya duba musu kamar yadda kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya riƙa yi wa marubutansa.

Sai gwajin da ban taɓa ganin ya yi ƙarya ba, wato karatu na biyu. Idan ka riga ka san ƙarshen labari amma ka koma masa ka sami abin da ya wuce ka a karon farko, to littafin yana da ƙwari. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya fito ne daga gasar rubutu ta 1933, kuma bayan fiye da shekara 90 ana nan ana karanta shi a makarantunmu, duk da cewa ɗan siriri ne. Magabatanmu ma sun san wannan awo, domin a zamanin da ake kwafar littafi da hannu, babu ɗalibin da zai ɓata tawadarsa da watanninsa a kan abin da ba zai sake buɗewa ba, kuma ta haka ne rubuce-rubucen Shehu Abdullahi na Gwandu suka iso gare mu.

Gasar rubuta gajerun labarai ta mata, wato Hikayata, da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta nuna cewa marubutanmu mata suna ƙara ƙwazo idan sun san akwai alƙalan da za su tantance aikinsu. Saboda haka ina roƙonka, ya Edita, ka ware shafi guda a kowane mako domin sharhin sababbin littattafai, inda mai sharhi zai karanta littafi tun daga farko har ƙarshe, ya faɗi inda ya yi kyau da inda ya gaza tare da hujja, ko da marubucin abokinsa ne. Ni da ɗalibaina a shirye muke mu aiko da namu.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin Hausa,
Gusau, Jihar Zamfara.