A Yaba Wa Masu Farfaɗo da Tsohuwar Jitar Emmons

Malam Edita,

Ka ba ni fili in yaba wa masu gyaran tsohuwar jitar Emmons ta Amurka, wadda aka fara ƙerawa a 1964. A kwance take kan ƙafafu huɗu. Sandar ƙarfe ake zamewa kan tsirkiya, ana taka feda, gwiwa na tura liba, wato ƙarfen da ke rataye a ƙarƙashinta, don sauya sautin tsirkiya. Masu jin kiɗan King Sunny Ade sun san kukan irin wannan jita.

Galibi wuya biyu gare ta, kowanne da tsirkiya 10. Aikin yana ƙarƙashinta. Tsohon mai da ƙura kan daskare a sandunan da ke jan tsirkiya, sai feda ta ƙi komawa daidai, sauti ya karkace. Dole a kwance su, a wanke, a ɗiga man keken ɗinki kaɗan. Man feshin nan na kwance tsatsa, WD-40, ba ya wadatarwa. Inda tsirkiya ta ci ƙarfe ta yi rami, a goge da lallausan sanfefa, in ba haka ba tsirkiya ta 3, siririyar nan, za ta yi ta tsinkewa.

Saitinta ma daban ne: a taka feda, a daidaita a maɗaura, wato makullan ɗaure tsirkiya, sannan a saki a gyara da sukurorin gefe. Mai gaggawa ba ya iya wannan aiki.

Naka,
Mai karatu